Garar Da Ke Cin Ƙashin Tsofaffi

Ran wata Talata cikin daminar bara, gab da asalatu, gwaggona ta fito daga ɗakinta a Tudun Wada ta Kaduna da buta a hannu, za ta kewaya. An kwana ana ruwa, siminti ya jiƙe, ga shi kuwa babu wuta. Santsi ya kwashe ta, ta zauna daɓas a gindin rijiya. Da yaro ne ya yi irin wannan faɗuwa, da sai ya tashi ya kakkaɓe wandonsa ya wuce. Amma ita shekarunta 74. Ta yi ta yi ta miƙe, abin ya faskara.

Sa'ad da saƙo ya same ni ina can zagayen makarantu, ban iso ba sai bayan azahar. Na tarar har an kira maɗori, ya laluba, ya ce gocewa ce, ya shafa abin da zai shafa, ya ɗaure da karare da tsumma. Ba zan ɓoye wa mai karatu ba, ni da na yi shekaru ina koya wa malamai darasin kiwon lafiya, ban ce uffan ba. Na ga dattawan gida sun gamsu, na ji nauyin in musa. Kwana 16 tana kwance a tabarma. Ran na goma sha bakwai matata ta ja ni gefe ta ce in dubi ƙafar da kyau. Na duba, sai na ga ta fi 'yar'uwarta gajarta, tafin kuma ya karkace waje. Bayanta ya fara gyambo, tari kuma ya kama ta.

A asibiti aka ɗauki hoton ƙashin. Likita ya ɗaga shi wajen haske ya nuna mini inda wuyan ƙashin cinya ya rabu biyu, can sama kusa da ƙugu, wurin da babu karan da zai iya kamawa. Sa'an nan ya ce, "Malam, ƙashin nan ya yi shekara ashirin yana shirin karyewa. Siminti ƙarasa shi kawai ya yi." Wannan magana ita ta sa na koma na bi littattafai, ita ce kuma dalilin wannan rubutu.

Magina da masu rushewa

Galibinmu mun ɗauka ƙashi kamar dutse ya ke, in ya gama girma shi ke nan. Ba haka ba ne. Ƙasusuwa 206 da ke jikin baligi masu rai ne, jini na ratsa su, aiki kuma ba ya tsayawa cikinsu dare da rana. Akwai ƙwayoyin halitta iri biyu da ke wannan aiki. Waɗansu suna kankare tsohon ƙashi, waɗansu suna binsu a baya suna cike gurbin da sabo, kamar yadda a ke kankare katanga a sake mata yaɓe. Da haka wajen kashi 10 cikin 100 na ƙashin mutum ke sabuntuwa kowace shekara.

Ƙasar da maginan nan ke yaɓe da ita sunanta kalsiyam. Malamai sun san ta ko ba su san sunanta ba, don tana cikin allin da mu ke rubutu da shi, da ɓawon ƙwai, da dutsen da a ke haƙowa a Kalambaina ta Sakkwato a yi siminti. A jikin babban mutum akwai wajen kilo guda nata, kashi 99 cikin 100 kuwa a ƙashi da haƙori ya ke. Ɗan ragowar yana cikin jini, zuciya da jijiyoyi ba su aiki sai da shi. To, in abinci bai kawo isasshe ba, jiki ba ya barin zuciya ta tsaya. Sai ya je ya ranto daga ƙashi, ba ya ko sallama.

Tun daga haihuwa har wajen shekara 30 magina sun fi masu rushewa ƙarfi, ƙashi na ta ƙara nauyi. Daga nan a yi 'yan shekaru ana kunnen doki. Sa'an nan rushewa ta fara rinjaye a hankali. Ga maza gangarar ba ta da tsanani. Ga mata kuwa, da zarar al'ada ta ɗauke, wani sinadari da a ke kira istirojin, wanda ke riƙe da linzamin masu rushewa, sai ya ja baya. Cikin 'yan shekarun da ke biye mace ta kan yi hasarar wajen kashi 2 cikin 100 na ƙashinta kowace shekara. Cikin ƙashi dama kamar saƙar zuma ya ke. Sai ramukan su yi ta faɗi, bangayen da ke tsakaninsu su yi ta sirancewa, har waɗansu su tsinke. Wannan ita ce zaizayar ƙashi, wadda likitoci ke kira ostiyoforosis, watau ƙashi mai huji-huji.

Wanda ya taɓa zama cikin soro ya san aikin gara. Azara tana nan da kyanta a ido, ba ta ƙara, ba ta motsi, ran da aka yi ruwa mai ƙarfi sai rufi ya rufto. Cutar nan haka ta ke, ba ta ciwo sai ƙashi ya karye. Don haka kada a haɗa ta da sanyin ƙashi ko amosanin gaɓɓai da tsofaffi ke kuka da shi a gwiwa, wannan ciwon mahaɗa ne, dabam ya ke. Wurare uku ta fi kamawa, wuyan hannu, da ƙashin baya, da ƙugu. Na baya shi ya fi ɓoyuwa, gama ƙasusuwan gadon baya su kan lotse ɗaya bayan ɗaya, wani lokaci ba da wata faɗuwa ba. Tsohuwa ta yi ta ranƙwafawa, zanenta ya fara jan ƙasa, mu ce tsufa ne. Na tuna gwaggona da can kanta yana kai mini kunne, amma 'yan shekarun nan da ƙyar ya ke kai kafaɗata, ban taɓa tambayar kaina dalili ba. Likitoci sun ce wanda tsawonsa ya ragu da santimita 4 ko fiye, ya kamata a duba shi. A lura dai, doro a bayan yaro ko saurayi wani abu ne dabam, sau da yawa tarin fuka ne ya shiga ƙashin baya, shi ma na asibiti ne.

Wai cutar Turawa ce

Turawa ne suka fara rubuta labarinta. A 1822 wani likitan fiɗa na Ingila, Astley Cooper, ya bayyana yadda ƙashin tsofaffi ke yin shara-shara har wuyan cinya ya karye da ƙaramar faɗuwa. Bayan 1830 wani Bafaranshe, Jean Lobstein, ya raɗa mata sunan da a ke kiranta da shi yanzu. A 1941 Fuller Albright na Boston ta Amurka ya lura masu wannan ciwo da ke zuwa wurinsa kusan dukansu mata ne da al'ada ta ɗauke musu, ya gano inda gizo ke saƙar. A 1994 Hukumar Lafiya ta Duniya ta tsai da ma'aunin da za a auna a ce wane ya kamu. Ƙungiyar duniya mai yaƙi da cutar, wadda ke zaune a Suwizalan, ta lissafta cewa cikin waɗanda suka wuce shekara 50, mace ɗaya cikin uku da namiji ɗaya cikin biyar za su sami karaya ta dalilinta. An kuma keɓe mata ranar 20 ga Oktoba kowace shekara.

An daɗe ana cewa baƙar fata ba ruwansa da wannan. Maganar kuwa tana da tushe. A 1968 an ƙidaya masu karayar ƙugu cikin baƙaƙen Johannesburg, aka ga 'yan kaɗan ne in an gwada da Turawa. A 1991 aka buga wani lissafi da ya gwada Ibadan da garuruwan Ingila, nan ma aka sami bambanci mai nisa. A ƙauyen Keneba na ƙasar Gambiya likitocin Ingila sun yi shekaru suna auna matan da ba su samun kalsiyam fiye da miligiram 300 zuwa 400 a yini, abin da bai kai rabin ƙa'idar Turai ba, suka ga jikinsu ya iya tattalin ɗan abin da ya samu.

Amma ni a ganina mun yi saurin kwanciya a kan wannan tabarma. Lissafin asibiti ba ya ƙirga sai wanda ya zo asibiti. Da gwaggona ta cika a kwana na goma sha biyar, da babu littafin da zai nuna ta karye, sai dai a ce ta faɗi, jiki ya rikice, kwana ya ƙare. Tsofaffi nawa suka tafi haka a Tudun Wada da Tudun Nufawa da Unguwar Sanusi? Da aka sake ƙidaya da kyau a Afirka ta Kudu, aka buga a 2020, sai aka tarar karayar ƙugu cikin baƙaƙe ta ninka abin da aka samu a 1968, ko da ya ke har yanzu ba ta kai ta Turawa ba.

Dalili na biyu shi ne tsofaffi sun yawaita. A 1960 jaririn da aka haifa a Nijeriya, bisa matsakaicin lissafi, ba a sa masa ran kai shekara 40, yanzu kuwa lissafin ya haura 50. A duniya duka masu shekara 60 zuwa sama sun kai biliyan 1 a 2020, ana kuma zaton za su wuce biliyan 2 a 2050. Ba sai mun je nesa ba. Samarin da suka kwararo Kaduna sa'ad da aka buɗe masaƙar Kakuri a 1957, da waɗanda suka biyo bayansu neman aikin reluwe da na sakatariya, da amaren da suka kawo daga Zazzau da Katsina da Bida, su ne yau ke zaune a zaurukan Tudun Wada da sanda a gefe. Iyayensu a ƙauye sun tsufa suna noma, suna daka, suna ɗauko ruwa daga rafi, suna shan fura da nono. Su kuwa sun tsufa a birni, cikin gidajen da aka cike tsakar gidansu da ɗakunan haya har rana ba ta samun wurin sauka.

Abin da ke cikin akushi

Likitocin Amurka sun ƙayyade wa baligi miligiram 1,000 na kalsiyam a yini, macen da ta wuce 50 miligiram 1,200, yaro ɗan shekara 9 zuwa 18 kuwa 1,300. Kofi guda na madara yana da wajen 300. Tuwon masara da shinkafa da taliya, waɗanda suka zama cimarmu a birni, ɗan abin da ke cikinsu bai taka kara ya karya ba. Gero da dawa ma ba su da yawa, ga shi kuma dusarsu na da wani abu da ke riƙe kalsiyam ya hana hanji tsotsewa. Jiƙo da tsimawa, irin na kamu da koko, suna rage wannan.

Shaida mafi ƙarfi a kan ƙarancin nan daga Jos ta fito. An saba cewa gwame da bauɗewar ƙafafun yara rashin bitamin D ke kawo su, watau sinadarin da fata ke yi in rana ta taɓa ta. To, me zai sa yaran da ke yini cikin rana su kamu? Likita Tom Thacher da abokan aikinsa na asibitin koyarwa na Jos suka ɗauki yara 123 masu wannan ciwo, suka tarar kalsiyam da ke cikin abincinsu wajen miligiram 200 ne kacal a yini. Suka kasa su uku, waɗansu aka ba su bitamin D kaɗai, waɗansu kalsiyam kaɗai, waɗansu duka biyu, har mako 24. Waɗanda suka sami kalsiyam su suka fi warkewa. An buga wannan a 1999. Daga baya suka gwada garin busasshen kifi da aka niƙa da ƙayarsa, shi ma ya yi aiki. An kuma sami irin wannan ciwo da yawa a waɗansu ƙauyukan Gwari da ke kusa da Kaduna. Akushin da ya kasa gina ƙafar jika, ba shi zai riƙe ƙugun kaka ba.

Abin daɗin ji shi ne maganin yana kasuwarmu. Nono da kindirmo su ne kan gaba. Busasshen ganyen kuka yana cikin ganyayen da suka fi kowanne kalsiyam, miyar da 'yan boko ke yi wa kallon ta talaka. Ga zogale, ga riɗi, ga kuɓewa da wake da daddawa, ga ƙananan kifi da a ke tauna su da ƙashinsu. Tamba, wadda a ke nomawa a kudancin Kaduna da Filato, tana da wajen miligiram 350 cikin giram 100, watau ta ninka gero da dawa kusan sau goma. Kanwa fa ba ta cikin wannan lissafi. Na ji masu cewa tana ƙarfafa ƙashi don ta yi kama da alli, alhali dangin gishiri ce, yawan gishiri kuwa fitar da kalsiyam ya ke yi ta fitsari. Rana kuma kyauta ce. A fito da tsohuwa tsakar gida da hantsi ta ɗan jima, hannuwa da ƙafafu a buɗe. Wadda ta ratso ta gilashin taga ba ta yin wannan aiki.

Ga 'yan'uwana malamai da akawuna

Mu ma'aikata mun san sha'anin fansho, abin da ka tara kana da ƙarfi shi za ka ci in ka ajiye aiki. Asusun ƙashi kuwa da wuri a ke rufe shi. An auna yara a Kanada shekara da shekaru, aka ga wajen rubu'in ƙashin da mutum zai rayu da shi cikin shekara biyu kacal a ke gina shi, wajen shekara 12 zuwa 13 ga 'yan mata, wajen 14 ga samari. Waɗannan su ne yaran da ke zaune gabanmu a aji shida da farkon sakandare. Ƙashi kuma ba ya ƙarfi sai an ɗora masa nauyi, da gudu, da tsalle, da langa, da carafke, da 'yar gala-gala. A zagayena na sha tarar da makarantar da aka mai da lokacin wasanni na ƙarin lissafi, ko aka gina aji a filin wasa, ko aka bar maza da ƙwallo 'yan mata suna zaune gindin bishiya. Na kan rubuta wannan a littafin baƙi, na kan kuma ga an yi mamakin abin da ya dame ni da shi. Sa'ad da Gwamnatin Kaduna ta fara ciyar da 'yan firamare a 2016 an yi ta muhawara a kan kuɗi da 'yan kwangila. Duk inda za a sake irin wannan shiri, ina roƙon a sa wanda zai tambayi nawa ne kalsiyam a cikin kwanon. Yarinyar da ta ɗauki ciki tun nata ƙashin bai gama ginuwa ba, gini biyu ta ke yi da ƙasar guda.

Akawu kuma da ke wuni kan kujera, ya hau babur zuwa ƙofar gida, ya kashe dare da taba, kada ya ce wannan zancen mata ne. Taba da giya da zama wuri ɗaya duk suna cin ƙashi, namijin da ya karye a ƙugu kuwa ya fi mace shiga hatsarin mutuwa. Akwai kuma wata masifa da ta shigo mana ta kantin magani, ƙwayoyin nan deksametason da firedinisolon. 'Yan mata na shansu don su yi ƙiba, har ana kiransu sha-ka-fashe, ana kuma cusa su cikin haɗin da a ke ƙulla wa tsofaffi a leda don ciwon gwiwa. Magunguna ne masu amfani a hannun likita, amma wanda ya yi wata uku yana shansu kullum ƙashinsa ya fara biyan bashi. Wanda ya daɗe a kansu kada ya yanke rana ɗaya, wannan ma hatsari ne, ya je likita ya rage masa a hankali. A jakar gwaggona mun sami irin ƙullin nan har guda bakwai.

In an faɗi

Ba na cikin masu zagin maɗora. Sun yi wa ƙasar nan aiki tun ba a san asibiti ba, har gobe kuma su ne kusa da talaka. Amma karayar ƙugu ta fi ƙarfin kara da tsumma. Tsohon da ya faɗi ya kasa taka ƙafa, ko aka ga ƙafar ta gajarce ta juya waje, a ɗauke shi a kwance a kai asibiti ran nan, a ɗauki hoto. A Tudun Wada ga asibitin Yusuf Dantsoho a cikin unguwa, ga asibitin koyarwa na Barau Dikko a cikin gari, ga na Jami'ar Ahmadu Bello a Shika, ga kuma asibitin ƙashi na Dala a Kano wanda ke aiki tun 1959. Likitoci sun fi son a yi aikin cikin kwana biyu, a ɗaure ƙashin da ƙarfe ko a sauya kansa, don a tashi tsohon ya zauna, ya taka. Kwanciyar ita ke kisa, gama ita ke kawo gyambo, da ciwon huhu, da daskarewar jini a jijiya. Ko a ƙasashen da ke da asibiti a kowace unguwa, wajen mutum ɗaya cikin biyar ba ya cika shekara bayan wannan karaya. Na sani kuɗin aikin na da nauyi, mu ma sai da muka yi karo-karo har da sayar da fili. Amma jinkirin da muka yi bai rage mana ko kwabo ba, sai ma ƙarin kuɗin jinyar gyambo.

Akwai na'urar da ke auna nauyin ƙashi tun bai karye ba, sunanta DXA, an fara aiki da ita a 1987, amma ba ta da yawa a ƙasar nan. Hoton ƙashi na kullum ba ya nuna zaizaya sai wajen sulusin ƙashin ya tafi. Saboda haka alamar da ta fi saukin gani ita ce karayar fari. Duk wanda ya wuce 50 ya karye a wuyan hannu don ya dafa ƙasa kawai, kada a tsaya ga ɗori, a tambayi likita zancen ƙashin gaba ɗaya. Akwai magani. Alandironet, wanda aka fara sayarwa a Amurka a 1995, ƙwaya ɗaya a ke sha a mako, da sassafe kafin a ci kome, da ruwa cike da kofi, a zauna a miƙe rabin sa'a ba a kishingiɗa ba. Ga waɗanda suka taɓa karyewa ya kan rage hatsarin wata karayar da wajen rabi. Akwai kuma na ƙarin ruwa da a ke yi sau ɗaya a shekara. Gwamnatin Tarayya ta sa hannu a dokar kafa cibiyar kula da dattawa a 2018, ta kuma amince da manufar ƙasa a kan tsufa a 2021. Asibitin koyarwa na Ibadan ya buɗe sashen tsofaffi tun 2012. Muna jiran ranar da ma'aikacin ƙaramin asibitin unguwa zai riƙa tsai da kowace tsohuwa jikin bango ya auna tsawonta, kamar yadda a ke auna jarirai. Wannan ba ya bukatar kome sai ma'auni da littafi.

An yi wa gwaggona aiki a kwana na ashirin da uku da faɗuwarta. Ta yi wata biyu kafin gyambon ya rufe. Kafin ta komo gida muka sa birkila ya farfasa simintin gindin rijiya ya sake shi da kaushi, aka kafa ƙarfen dafawa a makewayi, aka ɗauke dakalin ƙofar ɗakinta, aka kwashe igiyar shanya da ta gitta hanya. Aka kai ta aka cire mata yanar ido, ashe ta fi shekara uku ba ta gani sosai da na hagu, ba ta faɗa wa kowa ba. Na sayo mata tocila mai caji, na ce, "Gwaggo, don Allah kada ki ƙara fita da asuba babu wannan." Ta juya ta a hannu ta ce, "To, ɗan nan, na ji. Amma silifas ɗina da kuka jefar, ku biya ni." Yanzu tana takawa da ƙarfe mai ƙafa huɗu daga ɗakinta zuwa zaure, ba ta kai kasuwa ba tukuna. Ran Asabar ta ke shan ƙwayarta, jikanyarta 'yar aji shida ke riƙe da agogo har rabin sa'ar ta cika, sa'an nan su raba kwanon kindirmo.